Kwanon da Na Yi Ta Mayarwa

Litinin, 22 ga Yuli, 2024
Ruwan sama: milimita 9.

Alhamdu lillahi. Sai yau na ci abinci na ji ɗanɗanonsa. An kwantar da Hamdiyya a asibiti a Birnin Kebbi, hawan jinin ya fara sauka. Likita ta ce abin da ke cikin lafiyarsa lau, amma ba za su sallame ta ba sai ta haihu. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada kowa ya kai mata labarin da zai tayar mata da hankali. Sau biyu ta faɗa, kuma ni take kallo.

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu. Ciki uku ya zube. Wannan ne ya haura wata bakwai.

Ƙanwata Bashira ce za ta yi jinya, tunda can take aure. Inna, mahaifiyar Hamdiyya, ta so ta bi 'yarta, har ta ɗaure kaya. Amma mai jinya sai wadda za a aika ta ji, a tambaye ta ta amsa, ita kuwa Inna ba ta jin Hausa, Dandanci kawai. Ta kwance kayanta. Ban ce ai na faɗa ba. A nan nake faɗa.

Da zan taho Hamdiyya ta riƙe bakin rigata. "Malam, amanar Inna. In dawo in tarar da ita." Ta san uwarta. Tun da kogi ya cinye gidanta a ƙauyensu can wajen Karimama, cikin ƙasar Benin, muka ɗauko ta zuwa Bagudo, duk ranar da ranta ya ɓaci sai ta ce za ta koma. Ba abin da ya rage mata can sai kaburbura biyu, na mijinta da na ɗanta. Na ce in sha Allahu.

Talata, 23 ga Yuli
Ruwa: babu.

Gidan ya zama mu biyu, ni da surukata.

Na gaishe ta yadda na saba. Na cire takalmi tun daga gindin dalbejiya, na durƙusa a ƙofar ɗakinta, kaina a ƙasa. Ta jero nata, na ce amin, amin. Da can Hamdiyya ke tsayawa a tsakani ta ce, "Ta ce Allah ya yi maka albarka." Yau ba mai faɗa mini abin da na amsa wa amin.

Shekara biyu da wata huɗu tana gidan nan. Na ƙirga. Ra'ayina ban ɓoye wa kowa ba: wanda ya zo ƙasar mutane ya zauna, ya koyi harshensu. Ba raini ba ne, don amfaninsa ne. Ya fi sau goma na ce wa Hamdiyya ta gaya mata. Kullum amsa ɗaya ake kawo mini: "Ta ce to."

Alhamis, 25 ga Yuli
Ruwa: milimita 21. Na duba kwalbar awo sau biyu, don na ga kamar 22.

Na dawo daga ofishin gona na tarar da kwano a rufe a ƙofar ɗakina. Inna ta shiga madafa da waɗannan gwiwoyin nata, ta hura wuta da jiƙaƙƙen itace, ta yi mini girki.

Kunya ta kama ni har na rasa wurin tsayawa. Marigayi Baba ya sha gaya mana: uwar matarka uwarka ce da ƙari, ba ka ci a gabanta, ba ka sa ta aiki. A ce matata na kwance, na mayar da tsohuwa kuku? Na ɗauki kwanon da hannu biyu, ban buɗe ba, na ajiye a ƙofarta a hankali, don ta gane na hutar da ita. Sannan na leƙa wurin Asama'u, maƙwabciyarmu mai ƙosai, na roƙe ta ta riƙa sako wa Inna abinci cikin nasu, na kai mata shinkafa da mai. Ni zan riƙa ci a kasuwa.

Na ji daɗin yadda na tsara abin.

Juma'a, 26 ga Yuli
Ruwa: babu.

Juma'a ba dambun Hamdiyya. Wannan mai zogale da gabu, wanda nake cewa ko a Kamba ba mai yin irinsa. Kwanon Inna ya sake zuwa, na sake mayarwa.

Asabar, 27 ga Yuli
Ruwa: milimita 4.

Na biya tasha wurin Na'Allah. Ajinmu ɗaya a sakandare, shi ya fita a aji uku, yanzu direba ne, Bagudo zuwa Lolo bakin iyaka. Harshe biyar gare shi, kuma ba wanda yake iya yin shiru da shi a cikinsu.

"Milimita! Ruwa nawa anka yi yau? Hwaɗa muna mu san ko mun jiƙe."

Maganar baƙi ta taso, na faɗi ra'ayina. Ya ce, "Kai da munka tahi Malanbil, can ƙasar Benin, bara, mi kac ce ma ɗan sandan ga? Murmushi kat tsaya yi mai kamar amarya." Na ce ni wuni ɗaya na yi, ba zama na je ba. Ya ce wannan gaskiya ne. Sai kuma ya ce, "To wa ka magana da tsohuwar a gidanku?" Na ce 'yarta. "Da wane baki?" Na ce Dandanci. "To kai hwa?" Na ce ni suruki ne.

Ya ce in ina so ya zo ya yi mana tafinta. Na ce a'a, na gode. Abin da ya shiga kunnen Na'Allah da hantsi, kafin azahar ya isa Lolo.

Litinin, 29 ga Yuli
Ruwa: milimita 13.

Na samo dabara, kuma ba ta bukatar in ɗaga kai in dubi surukata. Na yanka kwali, na rubuta sunan kowane abu da manyan baƙaƙe, na manna. RANDA. TURMI. TUKUNYA. MURHU. TABARMA. ƘOFA. Guda talatin da huɗu. Haka aka koya mana Turanci a aji ɗaya. Kalma biyu a rana, kafin Hamdiyya ta dawo an wuce sittin, sai in ƙara wasu.

Inna na zaune tana kallona har na gama. Da na zo manna na ƙofar ɗakinta sai ta miƙe tsaye. Ina jin girmamawa ce.

Laraba, 31 ga Yuli

Sai a hanyar ofis na tuna ba ta karatun boko. To amma ido yana sabawa da siffar abu. Ko?

Juma'a, 2 ga Agusta
Ruwa: milimita 30.

Jinin Hamdiyya ya daidaita kwana biyar a jere. Bashira ta ce har ta fara faɗa da masu shara, alamar sauƙi ke nan.

Kullum bayan la'asar nakan kira asibiti, in ajiye wayar a kan tabarma in ja baya, Inna ta ɗauka. Muryarta sai ta koma ta yarinya, har da dariya. In ta ajiye, fuskar ta rufe. Hamdiyya ta ce mini, "Inna ta ce kana kula da ita sosai." Na ce ai dole.

Abu ɗaya ban gane ba. Randarmu cike take, amma na ga Inna ta fito daga gidan Asama'u da ruwa a ɗan bokiti, tana jan ƙafa. Kuma ta daina zama a tabarmar tsakar gida, buhu take shimfiɗawa. Ko ruwan randar ya yi wari? Na ɗanɗana, lafiyarsa lau.

Lahadi, 4 ga Agusta

Na je Birnin Kebbi. Hanya ta lalace bayan gada, awa huɗu. Hamdiyya ta yi haske, ƙafafun sun saɓe. Ta kama hannuna ta ɗora, na ji motsi. Ban san abin da na ce ba, Bashira dai ta fita tana dariya.

Ta tambayi Inna, na ce lafiya lau. Ban ambaci bokiti ba.

Na gaya mata abin da na yanke: in Allah ya sauke ta lafiya, Hausa zalla za a yi wa yaron a gida, kada a rikita masa kai. Ta ce, "Allah dai ya kawo shi, Malam." Ta juya maganar.

Talata, 6 ga Agusta
Ruwa: milimita 7.

Yau kwano bai zo ba. Kwana goma sha biyu ina mayarwa, ta gane ke nan. Hankalina ya kwanta.

Alhamis, 8 ga Agusta
Ruwa: babu.

Asama'u ta tare ni a ƙofar gida, ludayin ƙosai a hannu.

"Malam Zulkiflu, tsohuwar ga tahiya za ta yi."

Na ce wa ya gaya mata, tunda ita ma ba ta jin Dandanci. Ta ce, "Sai an hwaɗa min? Kajinta ukku ta kawo min jiya, ta damƙa min a hannu. Mace ba ta kyauta da kaza mai ƙwai in tana nan." Ta ce kuma abincin da take sakowa, rabinsa ke dawowa.

Na ce wataƙila kajin sun dame ta ne. Asama'u ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Allah shi ba Hamdiyya lada."

Na yi tunanin kiran Hamdiyya ta tambaye ta. Likita ta hana. Na yi tunanin Na'Allah. Na ce bari in ƙara lura kwana biyu. Kullum haka nake, sai na ƙara lura.

Asabar, 10 ga Agusta
Ruwa: milimita 26, da asuba.

Zan rubuta wannan daki-daki, don kada gaba in gyara shi a raina in fito da kaina fes.

Ƙarfe tara ina ofis ina cika takardar mako, waya ta yi ƙara. Na'Allah.

"Milimita, surukarka na cikin motata, gidan gaba, da ƙunshinta. Lodi ya cika. Na ce musu taya ta yi sanyi. In ba ka zo ba cikin minti goma, hwasinja za su kashe ni."

Ban san yadda na isa ba. Abin da ke kaina kawai la'asar: in kira, Hamdiyya ta ce ba ni Inna.

Tasha duk caɓi. Na cire takalmi a cikin caɓin, na durƙusa a gefen ƙofar motar, kaina a ƙasa. Inna ta yi magana, gajeriya. Na'Allah ya ƙyalƙyale.

"Ta ce ka tashi. Ta ce shekara biyu tsakiyar hularka kawai ta sani. Hulunanka huɗu, ta ce, guda ta ɓarke a sama."

Fasinja masu neman tafiya da gaggawa duk suka fasa gaggawa. Na ce ya tambaye ta laifin da na yi. Na roƙe shi ya rage murya. Bai rage ba.

Ta daɗe tana magana, tana lissafawa da yatsu. Na'Allah ya daina dariya tun a tsakiya.

Ga abin da ta ce, yadda ya juya mini. Ranar da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa sun zo da mai rubutu. Duk abin da za a raba gado aka manna masa takarda, aka ce mata abin da ke da takarda ba nata ba ne, kada ta taɓa. Ta san ma'anar takarda a jikin kaya. Da ta ga na manna wa randa, ta bar randa. Na manna wa tabarma, ta bar tabarma. Na manna wa ƙofar ɗakin da take kwana. Ta ce ta gode da na yi mata a rubuce, ban kore ta da baki ba.

Na ce, "Sunayensu ne! Don ta koya!"

Wata mata a kujerar baya ta ce, "Innalillahi. Ɗan boko."

Na'Allah ya juya wa tsohuwar maganata. Inna ta dube ni, karo na farko da na ga idonta sosai, don ni ma na manta na ɗaga kai. Ta yi tambaya.

"Ta ce, takarda tana magana?"

Na mayar da kaina ƙasa.

Sai maganar kwano. Na yi bayanin Baba, da kunya, da gwiwoyinta. Ta ce kunyar suruki su ma suna da ita, ta fi tamu ma. Amma a garinsu ba a mayar wa mutum kwano a cike sai in ana tsoron abin da ya zuba a ciki. Sau goma sha biyu, ta ce. Ita ma ta ƙirga.

Na ce wa Na'Allah ya gaya mata da tana jin Hausa da duk wannan bai faru ba. Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Gaskiya ce, amma ba wurinta ba ne. Ya ce, "In hwaɗi hakanan?" Na ce faɗi.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce ta sani. Ta ce ranar da aka tafi da 'yarta asibiti aka bar ta don ba ta da baki, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da kogi ya ci gidanta. Ta so ta koya tun zuwanta. Amma a wurin wa? 'Yarta Dandanci take yi mata don ta huta. Surukinta ƙasa yake gaisarwa. Shekara sittin da wani abu, ta ce, ba ta san ta inda ake kama harshe ba in ba wanda ya miƙo mata bakinsa.

Na ce ta yi haƙuri ta sauko, saboda Hamdiyya. Ta ce saboda Hamdiyya ne ta kai yau. Sai ta kwance ƙunshinta ta fito da kwanon. Shi dai, mai murfi shuɗi. Guzurinta na hanya. Ta buɗe ta miƙo ta taga.

"Ta ce in kana so ta zauna, ka ci. Nan. Tana kallo."

A tasha. Gaban surukata. Gaban kamasho da masu lemu da mutum goma sha ɗaya. Na ji kamar Baba na tsaye a bayana. Na wanke hannu da ruwan butar wani, na yi bisimilla, na kai loma.

Dambu ne. Zogale da gabu.

Na tsaya da tauna. Na ce wa Na'Allah, wannan ai dambun Hamdiyya ne. Ya tambaye ta. Inna ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ta ce ɗiyarta ko ruwan zahi ta dahwa sai ya ƙone. Tun da ta zo gidan, duk Juma'a ita ka yi maka."

Motar nan duka ta ɗauki shewa. Na cinye tas, ban bar ko tsaba ba. Inna ta karɓi kwanon ta duba cikinsa, ta buɗe ƙofa da kanta ta sauko.

Na'Allah ya ce taya ta warke.

La'asar na kira. Hamdiyya ta ce ba ni Inna. Na ba ta.

Lahadi, 11 ga Agusta

Barci har bayan hantsi. Na makara awo da minti arba'in, na rubuta hakan a gefen takarda.

Litinin, 12 ga Agusta
Ruwa: milimita 11.

Na bi kwalayen ina cirewa. Inna ta biyo ni. Na cire na randa, sai ta dafa randar ta dube ni. Na ɗauka tana tambaya ko an halatta mata, na ce e, e. Ta girgiza kai, ta sake dafawa. Sai na gane. Na ce, "Randa." Ta ce, "Randa." Ta ɗebo ruwa a moɗa ta nuna. Na ce, "Ruwa." Ta maimaita. Sannan ta nuna ni da yatsa ta ce, "Hari." Ta tsaya tana jira.

Ba haka na tsara ba. Amma tana jira, na ce hari. Ta gyara mini sau biyu.

Kwalayen ta hura wuta da su. Sun kama da kyau.

Labarin ya isa Lolo, ya dawo. A masallaci wani ya tambaye ni ko zan manna wa liman takarda.

Alhamis, 15 ga Agusta

Kaji sun dawo gida. Asama'u ta ce ƙwai huɗun da suka saka a wurinta ladan kiwo ne.

Lahadi, 18 ga Agusta

Birnin Kebbi. Na jira aka gwada jininta, aka ce lafiya lau, sannan na ba ta labari, tun da ya riga ya ƙare da daɗi. Na fara da ƙarshen don kada ta tsorata. Ta yi dariya har ma'aikaciya ta leƙo.

Na ce, maganar dambu fa? Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kai ka ce ko a Kamba babu irinsa. In ce ba ni ba ce?"

Na ce, to sau goman da na ce ki gaya mata ta koyi Hausa? Ta ce, "Nakan ce kana gaishe ta." Na ce, to ita me take cewa da kike ce mini ta ce to? Ta ce, "Takan ce, mijin nan naki yana ƙina ne? Bai taɓa dubana ba."

Shekara biyu. Ni ina aika wa'azi, ita tana aiko tambaya, duka biyun suna mutuwa a hannun Hamdiyya. Ta ce tsoro take kada mu ɓata. Ban yi mata faɗa ba. Ina jin da ni ne a tsakiya, abin da zan yi ke nan, har ma in rubuta shi a tsare.

An sake gwada jinin kafin in tafi. Bai motsa ba. Alhamdu lillahi.

Laraba, 21 ga Agusta
Ruwa: milimita 17.

Yanzu a tsakar gida nake ci, Inna tana bakin ƙofarta. Na ɗan juya gefe, ba zan iya fuska da fuska ba, kuma ba ta nema ba. In na rage ta ce, "Ci." Wannan ba ni na koya mata ba.

Ashe tana da 'yan kalmominta tun tuni, na wurin Asama'u: kawo, bari, zafi, tsada, da wata da ake yi wa akuya wadda ba zan rubuta ba. Ba ta taɓa faɗinsu a gabana ba don kada ta yi kuskure gaban suruki.

Na buɗe shafi a bayan littafin awo, ina rubuta kalmomin da ta kama. Arba'in da ɗaya. A gefe guda kuma nakan rubuta nata da take jefo mini, don kada in sake jin kunya in ta tsaya jira. Ba koyo nake ba.

Talata, 27 ga Agusta
Ruwa: milimita 38, mafi yawa a bana.

Gwiwar Inna ta tashi. Da kanta ta je kemis, Asama'u na biye da ita a baya, an hana ta buɗe baki. Asama'u ta ce Inna ta nuna wurin ta ce, "Nan. Zafi. Kwana uku." Mai kemis ya ba ta na shafawa, ta juya shi ta ce, "Tsada." Ya rage.

Ta dawo tana tafe kamar wadda ta ci zaɓe. To ai abin da nake faɗa ke nan tun farko. Na so in gaya wa Na'Allah, sai na tuna abin da zai ce.

Asabar, 31 ga Agusta

Na ba Na'Allah goro ya koya mini jimla biyu da Dandanci, ɗaya in namiji ne, ɗaya in mace ce. Ya rantse bai sa zagi a ciki ba. Na gwada su a wurin wani Badande mai kifi don in tabbatar.

Talata, 3 ga Satumba

Mace. Ƙarfe bakwai saura na safe. Ita da uwar lafiya.

Bashira na faɗa a waya na yar da kwalbar awo. Ban cire takalmi ba, ban durƙusa ba, na faɗa har cikin ɗakin Inna. Jimlar namiji ce ta fara fitowa, na ce a'a, a'a, na faɗi ɗayar. Ta kama kaina da hannu biyu, hular ta faɗi. Ta ce da Hausa, "Mun gode Allah." Sannan ta ce, "Mota."

Shekara tara ina awo, yau ne layin farko da ba lamba a littafin awo.

Talata, 10 ga Satumba

Suna. Sunan Inna aka sa mata, don haka ba mai kiran sa a gidan nan. Asama'u ta ce a riƙa ce mata Dambu. Na hana. Ina jin ya riga ya kama.

Juma'a, 13 ga Satumba
Ruwa: milimita 6. Sabuwar kwalba.

Gida ya cika. Hamdiyya na samun ƙarfi, Inna ce ke yi mata ruwan wanka, ta hana kowa taɓa murhu.

Da rana ina ci a tsakar gida, Inna ta ce wa 'yarta wani abu tana nuna ni da haɓa. Na yi dariya. Hamdiyya ta buɗe baki za ta ce ta ce Allah ya yi maka albarka, sai ta tsaya ta dube ni. Na ce, "Cewa ta yi jaririyar ta ɗauko kunnuwana, Allah ya sa ta tsaya nan." Ba duka na ji ba. Kunne na ji, da Allah, sauran fuskarta ta faɗa.

Hamdiyya ta ce, "To ni yanzu mene ne aikina a gidan nan?"

Ra'ayina yana nan inda yake. Wanda ya zo ƙasar mutane ya koyi harshensu, kuma ga Inna tana koya, kalma saba'in da takwas zuwa yau. Ɗaya gefen shafin ban ƙirga ba. Ya dai shiga shafi na uku.

Hamdiyya ta tuna mini dokata ta Hausa zalla, ta ce ko in gaya wa Inna da kaina, tunda yanzu muna ji da juna. A lokacin Inna na rawa da yarinyar a kan gwiwar da ke ciwo, tana yi mata wata waƙa ta garinsu. Na ce a bari tukuna, yarinya ba ta san komai ba yanzu.

Akwai kalma ɗaya da ke ta dawowa a waƙar. Gobe in tana tankaɗe zan tambaye ta.